Rafali ya cuce mu, to mu kuma me muka buga?

Ku shiga kowane gidan kallon ƙwallo a Zariya, daga Kwangila har Ƙofar Doka, ku ambaci sunan Victor Ikpeba. Ko yaron da ba a haifa ba a shekarar 2000 zai ba ku labarin tiryan-tiryan: wasan ƙarshe na kofin Afirka a Surulere, Najeriya da Kamaru, bugun fanareti, ƙwallo ta bugi ƙarfen sama ta faɗo bayan layi, alƙalin wasa Mourad Daami ɗan Tunisiya ya ce ba ta shiga ba. An gaji wannan takaicin kaka da kakanni, ana miƙa wa na baya. To idan sun gama, ku ce musu: Edin Dzeko fa? Za ku ga ana kallon-kallo.

Bari in tuna muku. Kofin duniya na 2014 a Brazil, wasanmu na biyu, da Bosniya. Dzeko ya zura ƙwallo lafiyayya, aka ɗaga tuta aka ce satar gida ce, alhali maimaicin hoto ya nuna akwai ɗan bayanmu da ya rufe shi sarai. Mintuna kaɗan bayan haka Emenike ya bangaje kyaftin ɗinsu Spahic, ya miƙa wa Odemwingie, ya ci. Aka tashi ɗaya da nema, nasararmu ta farko a kofin duniya tun 1998, kuma ita ta buɗe mana hanyar zagaye na biyu. 'Yan Bosniya dubbai suka sa hannu a takardar koke a kan alƙalin, Peter O'Leary ɗan New Zealand, musamman da suka ga hotonsa yana dariya da Enyeama bayan wasa. Mu a nan har tsakar dare ana ta hon da babura. Ban ji mutum ɗaya ya ce an yi rashin adalci ba. Kwana tara bayan nan Matuidi na Faransa ya take ƙafar Onazi, aka fitar da shi a makara, alƙalin wasa Mark Geiger ya tsaya a katin gargaɗi. Wannan kam kowa ya haddace shi.

Abin da nake so in faɗa ke nan, jama'a. Musun da muke yi a kan rafali, mafi yawansa ba neman gaskiya ba ne. Lissafi ne mai shafi ɗaya: muna rubuta bashin da muke bi, ba ma rubuta wanda ake bin mu. Kuma babbar ɓarnarsa ita ce yana hana mu kallon abin da ƙungiyarmu ta buga a fili.

Mu koma Surulere ɗin. Ƙwallon Ikpeba ta shiga, babu musu. Amma kafin a kai ga fanareti, Eto'o da Mboma sun zura mana biyu cikin rabin sa'a da 'yan mintuna, a gidanmu, a gaban jama'armu. Raphael Chukwu da Okocha ne suka farke da kyar da jiɓin goshi. A bugun fanaretin kuma, kafin Ikpeba ya taka, Kanu ya riga ya ɓarar da tasa, gola ya tare. An tashi 4 da 3. Da an ƙirga ta Ikpeba, da 4 da 4 ke nan, a ci gaba da bugu har Allah Ya ba mai rabo. Ba kofi aka ƙwace mana a hannu ba, damar ci gaba da nema aka ƙwace. Wannan ma ciwo ne, amma ba irin wanda ake faɗa a teburin mai shayi ba. Sannan shi kansa Ikpeba, maimakon ya ruga da murna, hannu ya ɗora a ka. Ban ce shi ya jawo ba, amma wanda ya buga ma bai tabbatar ba, balle wanda yake tsaye da usur a gefe.

Na gane dalilin da ya sa wasan kofi ya fi ɗaga hankali. A gasar lig ta Ingila wasa 38 ake yi. In an zalunce ka a Oktoba, wataƙila a Maris a zalunci wani a kanka, abin ya daidaita. A kofi babu gobe. Busa ɗaya, shekara ta tafi. Saboda haka ban ce kowa ya yi shiru ya rungumi ƙaddara ba, ƙwallon da babu musu a cikinta ai ba ta da gishiri. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da minti 90 ya koma daƙiƙa biyu.

'Yan Chelsea, ku matso. Na san ciwonku: 6 ga Mayun 2009, Stamford Bridge, wasanku da Barcelona a kofin zakarun Turai, alƙali Tom Henning Ovrebo ɗan Norway. Wallahi an cuce ku. Hannun Pique ko daga bencin ƙarshe na gidan kallo ana ganinsa, kuma shi alƙalin daga baya ya amsa da bakinsa cewa ya tafka kurakurai. Amma duk wanda ya ba ni labarin daren nan bai ambaci Abidal na Barcelona ba, na san rabin labari ya zo da shi. Alƙalin nan dai shi ne ya kori Abidal a kan ƙetar da har yau ake neman inda ya taɓa Anelka. Barcelona ta yi kusan minti 25 da mutum goma. Kuna gida, Essien ya ci muku tun minti na 9, Drogba ya samu daga shi sai Valdes ya kasa, kuka ƙi ƙara ta biyu, kuka koma baya kuna jiran agogo, har Iniesta ya yi abin da ya yi a minti na 93. Shi ne harin Barcelona ɗaya tilo da ya nufi raga a duk wasan. Kuma abin da ya fitar da ku a takarda shi ne dokar cin ƙwallo a waje, wadda UEFA ta soke a 2021. Da yau ne, ƙarin lokaci za a je, ku da goma sha ɗaya su da goma.

Kada ku ce na tsane ku ne. Ni ɗan Arsenal ne, kowa a majalisarmu ya sani, kuma muna da namu Ovrebon, sunansa Massimo Busacca. Camp Nou, gidan Barcelona, Maris 2011, ana 1 da 1, mu ke kan hanyar wucewa, ya ba Van Persie kati na biyu don ya buga ƙwallo daƙiƙa ɗaya bayan busa, a filin da mutum sama da dubu 90 ke ihu. Hukuncin banza ne, har gobe haka zan ce. Amma a wasan nan kaf Arsenal ba ta kai hari ko ɗaya ba. Ko ɗaya. Ƙwallon da aka rubuta mana ma Busquets ne ya ci gidansu. Abin dariya, bugun da ya fi kama da hari a wajenmu shi ne wanda aka kori Van Persie a kansa, shi ma bai shiga lissafi ba tunda an riga an busa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yanzu wani zai ce, Malam, kana nufin babu saye da sayarwa a ƙwallo? Akwai, kuma ba jita-jita ba. FIFA ta dakatar da Joseph Lamptey ɗan Ghana har abada a 2017, saboda fanaretin da ya ba Afirka ta Kudu a kan Senegal a wasan neman gurbin kofin duniya, ƙwallo ta bugi gwiwar Koulibaly ya ce hannu ne. Aka sake wasan. A Italiya a 2006 an jefa Juventus rukuni na biyu, an karɓe kofunan lig biyu, kan yadda ake shirya wa zai busa wa wa. A Sifaniya ta tabbata Barcelona ta biya kamfanonin Negreira, mataimakin shugaban kwamitin alƙalan wasa, sama da Yuro miliyan 7 tsakanin 2001 da 2018, ita dai ta ce kuɗin shawara ne. A gida kuma ba mu manta 2013 ba, ranar da aka ci 79 da nema a wani fili, 67 da nema a wani, ƙungiyoyi biyu suna tseren haurawa rukuni na gaba. Amma ku duba yadda aka kama waɗannan: binciken hada-hadar masu caca, sauraron wayoyi, takardun haraji. Hujja ce aka ajiye a tebur. Mu kuwa da zarar an ba abokin hamayya bugun tazara sai a ce "an saye shi". Idan kowane kuskure coge ne, ranar da cogen gaske ya zo babu wanda zai saurare mu, mun riga mun ƙarar da muryar.

An ce na'urar VAR, mai maimaita wa alƙali hoto, za ta kashe musu. Ƙara masa mai ta yi. Daren 7 ga Fabrairun 2024 a wani gidan kallo na Tudun Wada na kalli wasanmu da Afirka ta Kudu, na kusa da na ƙarshe a kofin Afirka. Kun san yanayin: rufin kwano, bencina a jere, janareta na ta kuka a bayan katanga, allon da ake rubuta wasanni da alli an jingine shi a bakin ƙofa, mai gida yana bi layi-layi yana karɓar kuɗi, ɗaki cike fal har ana zama a kan tagogi. Muna gaba da ci ɗaya na Troost-Ekong. Minti na 85 Osimhen ya tura ta biyu. Benci ya kife, wani ya watsa ruwan leda sama ya sauka a kan wani dattijo, dattijon bai ma kula ba don shi ma yana tsaye yana kabbara. Wasu har sun fice titi. Sai ga Amin Omar ɗan Masar ya sa hannu a kunne, ya zana akwatin nan a iska, ya nufi gefen fili. Ya dawo ya soke ƙwallon, ya tafi can ɗaya ƙarshen filin ya nuna fanareti ga Afirka ta Kudu. Waɗanda suka fita da 2 da 0 suka dawo suka tarar da Mokoena yana ajiye ƙwallo a ɗigo.

Zagin da aka yi wa mutumin nan a daren, ba zan iya rubuta shi ba. An zagi Masar, an zagi CAF, an ce ai shugaban CAF Motsepe ɗan Afirka ta Kudu ne, me ake jira. Talabijin kuma tana ta maimaita hoton: Alhassan Yusuf, ɗanmu na Kano, ya taɗe Percy Tau a cikin da'ira kafin mu kwaso ƙwallon mu kai hari. Ƙeta ce ƙarara. Wani malamin makaranta da ke kusa da ni ya ce a hankali, "Gaskiya fa fanareti ce." Wani matashi ya juyo ya ce, "Baba, kai ɗan wace ƙasa ne?" A ƙarin lokaci na'urar nan dai ta sa aka ba Kekana nasu jan kati, sai ga masu zagi suna tafi, VAR ta zama mai adalci. Nwabali ya tare biyu, Iheanacho ya rufe, muka wuce, aka yafe wa Amin Omar ba tare da an nemi afuwarsa ba.

Kwana huɗu bayan haka a Abidjan, a wasan ƙarshe da Kwaddibuwa, babu wanda za a ɗora wa. Mun fara ci, muka koma muka tsugunna a gida, Adingra ya yi ta wasa da gefenmu na dama yadda ya ga dama, ya buga kwanar da Kessie ya sa wa kai, ya kawo wadda Haller ya ƙarasa. Duk da haka washegari na ji masu neman laifin rafali da fitila. Tambayoyin da suka kamata, me ya sa kocinmu Peseiro ya bar tsakiya a buɗe, me ya sa aka bar Osimhen shi kaɗai yana bin dogayen ƙwallaye, ba su samu rabin lokacin da aka ba wa "ai masu masaukin baƙi ne, dole a ba su" ba.

Wani abin kuma, da yawanmu muna musu ne da dokokin da aka daina aiki da su. Dokokin ƙwallo 17 ne, hukumar IFAB ke riƙe da su tun 1886, kuma kusan kowace shekara sai an taɓa wani abu. Ba kowace taɓa hannu ce laifi ba. Ana duba ko da gangan ne, ko hannun ya ƙara wa jiki faɗi ba bisa yanayin motsi ba. Ba a auna satar gida da hannu. VAR ba ta shiga kowace magana, abu huɗu aka fara ba ta: ƙwallo ta ciwu ko ba ta ciwu ba, fanareti, jan kati kai tsaye, da ba wa wani katin wani. Kati na biyu irin na Van Persie, a tsarin da aka fara da shi a 2018, ba ya cikinsu. Daga kakar 2025 gola daƙiƙa takwas yake da ita ya riƙe ƙwallo a hannu, in ya wuce kwana ake bayarwa. Har fanaretin Julian Alvarez da aka soke a wasan Atletico da Real Madrid a Maris 2025, don ƙwallo ta taɓa ƙafafunsa biyu, ta sa IFAB ta fito ta fayyace cewa in ba da gangan ba ne kuma ta shiga, sake bugawa za a yi. Littafin dokokin nan kyauta yake a intanet. Mutumin da ya haddace albashin Haaland na mako bai taɓa buɗe shi ba, amma shi ne mai fatawa a majalisa.

Duk wannan da a kan Turai ya tsaya, da ban ɓata datata ba. Ovrebo bai san da zaman Sabon Gari ba, zaginmu ba ya isa Oslo. Damuwata ita ce inda ɗabi'ar take sauka.

Ku je gasar unguwa, irin wadda ake sa wa kofi bayan Sallah ko lokacin da 'yan siyasa ke neman matasa. Filin firamare ne, an ja layi da toka, turakun gola babu raga, 'yan kallo sun tsaya a kan layin har mai tuta ba shi da wurin gudu. Wanda ke busawa ba baƙo ba ne: malamin motsa jiki ne, ko tela, ko tsohon ɗan wasan da gwiwa ta hana. Abin da za a ba shi bai wuce kuɗin mai da na lemo ba. Babu maimaicin hoto, babu ɗan sanda, kowa ya san ƙofar gidansa. Na taɓa ganin wasan kusa da na ƙarshe da ƙwallo ta wuce ta kusa da turke, rabin fili suka ce ta ciki ta bi, rabi suka ce ta waje, kuma tunda babu raga babu mai iya rantsuwa. Alƙalin ya ce ta waje. Kafin ya sauke hannu an cika fili. Wani yaro da bai wuce sa'an ɗansa ba ya fizge usur ɗin daga wuyansa, igiyar ta yanke shi a ƙeya. Dattawan unguwa ne suka kewaye shi, aka ɗora shi a babur, takalminsa ɗaya ya rage a fili. Kalmomin da yaran suke faɗa kuwa su ne dai na gidan kallo, ba a canza ko ɗaya ba: an saye shi, nawa aka ba ka, ɓarawo. A wajenmu suka koya. Ƙungiyar da ta tayar da rigimar ta ɓarar da fanareti a farkon wasan, babu wanda ya tuna.

Daga nan sai mu dawo muna tambaya me ya sa ba a ganin alƙalan Najeriya a manyan gasanni, me ya sa aka yi kofin Afirka a Kwaddibuwa babu namu a tsakiyar fili. Daga ina za su fito? Alƙalin da zai busa a kofin Afirka, a irin filin tokar nan yake fara koyo. Wane uba ne a Zariya zai ga abin da na gani ya bar ɗansa ya ɗauki usur? Wanda ya daure ya ci gaba kuma, darasin farko da fili ke koya masa shi ne ya duba yawan jama'ar kowane ɓangare kafin ya busa. Haka ake rainon alƙali matsoraci, shi ne kuma gobe za mu zaga a gasar lig ta ƙasa idan ya ba masu gida fanareti a minti na 90.

Kuma yankin nan ba baƙon ƙwallo ba ne da za a ce ba mu san komai ba. Jihar da ta fitar da Amokachi, Garba Lawal, Tijjani Babangida da Babayaro ce. A nan Zariya aka haifi Shola Ameobi na Newcastle. Kaduna United ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2010 a hannun Enyimba. Mun kuma ga misalin da ya isa a kusa da mu: a wasan ƙarshe na 2018 a Asaba, Kano Pillars tana gaba da Enugu Rangers 3 da 0, aka farke duka ukun a kusan minti 15 na ƙarshe, aka doke ta a fanareti. Babu rafalin da zai ɗauki wannan kaya, dole aka kalli juna. Shekara ɗaya bayan nan Pillars ta dawo wasan ƙarshe a filin Ahmadu Bello na Kaduna, ta riƙe Niger Tornadoes babu ci, ta ɗauki kofin a fanareti, karon farko a tarihinta. Mutanen Zariya da yawa sun cika motoci sun je.

Ga masu shirya gasa a unguwanni, daga Samaru zuwa cikin Birni, roƙona kaɗan ne. Kuɗin alƙali ya fito daga kwamiti, a biya shi kafin wasa, kada ya bi ta hannun kowace ƙungiya ko mai ɗaukar nauyinta. Daga wasan kusa da na ƙarshe a ɗauko mai busa daga wata unguwa mai nisa, ko daga ƙungiyar alƙalan wasa ta jiha. A sayi raga. Kuɗinta bai kai na lasifikar da ake haya don kiran sunan Honorabul ba. A ja igiya tsakanin 'yan kallo da layi. Kyaftin kaɗai zai yi wa alƙali magana, kamar yadda aka fara yi a gasar Turai ta 2024. Sannan a rubuta tun ranar jefa ƙuri'ar rukuni, kowane koci ya sa hannu a gaban mai unguwa: ƙungiyar da magoya bayanta suka taɓa alƙali ta fita daga gasar, bana da baɗi, ko da ɗan wanda ya sa kofin ne kyaftin ɗinta.

'Yan Chelsea kuma na san kuna nan tafe. Bismillah, amma kowa ya zo da bayanin jan katin Abidal a hannunsa.